FILIN UWARGIDA: Tsakanin Alƙalami Da Muciya

    

Maganarmu ta wannan wata ta taso ne daga wata wasiƙa da wata 'yar'uwa ta aiko daga unguwar Gyadi-Gyadi. Ta nemi a sakaya sunanta, kuma mun sakaya. Shekararta 11 da aure, 'ya'yanta huɗu. Ta ce tun tana Islamiyya Allah ya hore mata rubuta waƙa, har ita ce ta yi wa ajinsu waƙar walimar sauka. Ga kaɗan daga abin da ta ce:

"Malama, wani lokaci ina cikin tuƙin tuwo baiti zai faɗo mini, kafin in sauke tukunya ya gudu. In na ce bari in zauna da dare in rubuta, sai in raba dare, in makara sallar asuba, yara su makara makaranta. Maigida ya fara tambayar me nake ta rubutawa da ba na son ya gani. Uwar mijina kuwa cewa ta yi waƙa aikin maroƙa ne, ba na matar aure ba. Shin in ƙona littattafan in huta, ko akwai yadda zan yi?"

'Yar'uwa, kada ki ƙona. Amma kuma yadda kike tafiyar da abin yanzu ba zai ɗore ba, domin kin fara biyan kuɗin waƙar da sallarki da barcinki da amincewar mijinki, waɗannan kuwa sun fi ƙarfin kowane baiti. Na san ba ke kaɗai ba ce. A ajin matan aure da nake koyarwa a Tarauni, da wuya shekara ta zagayo ban ga wadda take da irin wannan littafi a ƙasan akwati ba. Saboda haka amsar ta kowa da kowa ce.

MATSAYIN WAƘA A ADDINI

Mu fara da nan, domin wadda zuciyarta ke raya mata cewa saɓo take yi ba za ta taɓa samun natsuwar tsara lokacinta ba. Malamai sun ce waƙa zance ce: mai kyanta mai kyau ne, mummunanta mummuna ne. A ƙarshen Suratus Shu'ara'i Allah ya zargi mawaƙan da ke yawo a kowane kwari suna faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya toge waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambatonsa. Hassanu ɗan Sabitu, Allah ya ƙara masa yarda, a cikin masallacin Madina yake rera waƙoƙinsa na kare Manzon Allah (SAW). Khansa'u kuwa, wadda Larabawa suka sallama mata a fagen marsiyya, sahabiya ce kuma uwar 'ya'ya. Mu kanmu da waƙa muka yi karatu: Tuhfatul Aɗfal da muke koya wa yara tajwidi da ita waƙa ce, Ƙurɗabi waƙa ce, Alfiyar Ibnu Malik ta nahawu baiti ne wajen dubu, ga Ishiriniya da Burda da iyayenmu suka tashi da su.

To amma akwai gargaɗi. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim wanda ya nuna gara cikin mutum ya cika da mugunya da a ce ya cika da waƙa. Imamul Bukhari ya ajiye shi ne a babin da ke magana kan waƙar da ta rinjayi mutum har ta hana shi zikiri da neman ilimi da karatun Alƙur'ani. Haka ma a ƙarshen Risala, Ibnu Abi Zaidin ya bayyana cewa babu laifi a rera waƙa, sai dai kaɗan ɗinta ya fi, kuma bai kamata mutum ya shagala da ita ba. Ashe ke nan tambayar ba ta halas ko haram ba ce kawai, tambayar ita ce: wane gurbi kika ba ta a cikin yininki?

Maganar kiɗa da ta muryar mace a gaban maza wani babi ne daban, kuma malamai sun yi saɓani a kansa. Abin da nake so a bambance shi ne, rubuta waƙa daban, tsayawa a rera ta a bainar jama'a daban. Uwar mijinki da ta ce aikin maroƙa ne, hoton mai bin gidajen biki ne a idonta. Ba laifinta ba ne, kuma ba da gardama za ki canza mata ra'ayi ba, sai da abin da za ta gani a aikace.

WAƊANDA SUKA RIGA MU

Ba za a yi wannan magana a ƙasar Hausa a tsallake Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, wato cikin yaƙi da ƙaura ta girma. Ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta haifa masa 'ya'ya, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaje shi a sarautar Waziri. Duk da hidimar wannan babban gida, ta bar rubuce-rubuce wajen 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, akasarinsu waƙoƙi. Akwai wadda ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani domin sauƙin hadda, akwai marsiyyar da ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, akwai kuma waɗanda ta yi wa mata 'yan'uwanta da maƙwabtanta. Da waɗannan waƙoƙi jajis ɗinta suke komawa ƙauyuka suna karantar da 'yan taru. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda aka buga a Amurka.

Gaskiya ɗaya ce, gidan Waziri gida ne mai hadimai, ba ciki da falo na haya ba ne inda mace ɗaya ce mai shara, mai wanki, mai girki, mai raino. Kada wata ta auna kanta da Nana ta ce ta gaza. Darasin da ke ciki shi ne, ba ta ɗauki waƙa a matsayin kishiyar aikinta ba. Waƙar ce ma kayan aikin: da ita take karantarwa, da ita take ta'aziyya, da ita take adana tarihi.

A nan kusa kuma akwai Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, waɗanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙoƙinsu a 1983 cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata. Abubuwan da ke gabansu suka waƙe, irin su yaƙi da jahilci, tsafta, kula da lafiyar yara, ƙidaya, da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo na 1973. Ba su jira sai ranar da aiki ya ƙare ba, domin aikin mace ba ya ƙarewa.

Kafin su duka kuma akwai kakanninmu da ba a rubuta sunayensu ba. Waƙoƙin niƙa da na daka da na daɓe da na raino, su wa suka ƙirƙire su? Matan da hannunsu ke kan dutsen niƙa ne, goyo a baya. Wannan ya kawo mu ga dabara ta farko.

RABA AIKIN GIDA UKU

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar waƙa a matsayin aiki guda da sai an zauna an yi shi daga bismilla har tammat. Mai wannan tunani ko dai ta haƙura gaba ɗaya, ko ta saci lokacin barci. Alhali aikin kashi uku ne: kamu, gini, da gyara. Kowanne da irin lokacin da yake so.

Kamu shi ne cafke baitin da ya faɗo kafin ya gudu. Wannan ba ya bukatar zama. Hasali ma ya fi zuwa lokacin da hannu ke aiki kai yana hutawa: wanke-wanke, tsintar shinkafa, gyaran zogale, ninkin kaya, zaman jiran layin awo a asibiti, ko cikin adaidaita sahu a cunkoson titin Zariya. Ki ajiye ƙaramin littafi da biro a wuri guda a kicin, nesa da ruwa da wuta, wani kuma a jakar fita. In hannunki da kumfa, ki maimaita ɗangon sau uku da karinsa kamar yadda muke yi wa yara hadda, zai zauna har ki ɗauraye. In kina da waya mai ɗaukar murya, daƙiƙa 20 ta isa. Amfanin murya a kan rubutu shi ne tana riƙe miki karin, wanda sau da yawa shi ne ke fara ɓacewa.

Sai dai akwai wuraren da ba a kamu: mai yana kan wuta, gas a kunne, yaro mai rarrafe yana kusa da murhu ko bokitin ruwa, ko kina riƙe da hannun yara za ku tsallaka titin Court Road. Baitin da ya gudu yana iya dawowa, wani ma ya fi shi. Ƙunar da yaro ya yi kuwa tabonta na nan har girmansa.

Gini shi ne zaman jera abin da aka kama ya zama baitoci. Shi ne ke son natsuwa, amma minti 20 zuwa 30 sun wadatar. Mu yi lissafi: wadda ta gina baiti biyu kacal a mako, a shekara tana da baiti 104, wato waƙoƙi huɗu masu baiti 26. Wadda take jiran ranar da za ta samu yini guda cur babu kowa a gida, shekara za ta zagayo ba ta da ko ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya koyar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma wannan ƙa'ida tana aiki har a sha'anin duniya.

Wane lokaci ne na gini? Kowace ta duba gidanta. Wadda ba ta fita aiki, hantsi ya fi mata, bayan yara sun tafi makaranta an gama shara, kafin a ɗora sanwar rana. Ma'aikaciya ko mai sana'a tana iya ware safiyar Asabar ko Lahadi. Mai abokiyar zama tana da ranakun da ba ita ke da girki ba. Wata kuma lokacin da yara suka tafi Islamiyya da la'asar ne nata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bayan ƙarfe 11 na dare ga macen da za ta tashi kafin asuba. Wannan bashi ne kike ci daga jikinki, kuma yara ne za su biya shi da safe, da tsawa da faɗa.

Gyara kuwa a bar shi sai waƙa ta kwana biyu. A nan ne za ki rera ta a hankali ki ji inda ta yi tuntuɓe. Waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya: kalmar "gida" gajeriyar gaɓa ce da doguwa, haka "tuwo", amma "kasko" duka biyun dogaye ne. In ɗango ya ƙi zama a baki, yawanci wata gaɓa ce ta yi yawa ko ta gaza. Ki duba amsa-amo, wato harafin da kowane baiti ke ƙarewa da shi, kada ya sauya a tsakiyar hanya. Shawarata ga mai ƙarancin lokaci ita ce ta riƙe 'yar ƙwar biyu, mai ɗango biyu a baiti. 'Yar ƙwar biyar tana da daɗi, amma tana neman ƙaramin amsa-amo a ɗango huɗu na kowane baiti ban da babban, aikinta ya ninka. Idan an gama, a rubuta kwanan wata a ƙasa. Magabata ma suna yin haka, har sukan saƙa shekarar a cikin baitin ƙarshe da haruffan ramzi.

KOWANE MAI HAƘƘI A BA SHI HAƘƘINSA

Bukhari ya kawo labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar da matarsa ba ta cikin kwalliya, domin mijin ya duƙufa azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi. Da labari ya je wa Manzon Allah (SAW) sai ya gaskata Salmanu. To idan nafila ba ta isa ta danne haƙƙin iyali ba, ina ga waƙa?

Amma a lura, a cikin jerin nan akwai haƙƙin kai. Matan da yawa mun iya ba kowa nasa, mu manta namu, har sai ƙunci ya taru ya zama hawan jini ko yawan faɗa. Rabin awar da mace ta zauna da alƙalaminta ta sauke abin da ke ranta ba sata ba ce, matuƙar ta sallaci sallarta a kan lokaci, ta karanta abin da ta saba na Alƙur'ani, cikin gida kuma bai tozarta ba. Sau nawa muke ɓatar da fiye da haka a kallon fim ko latsa waya ba wanda ya ce uffan?

MAIGIDA

'Yar'uwa mai wasiƙa, a ganina babbar matsalarki ba lokaci ba ce, ɓoyon ne. Namiji ya ga matarsa tana rubutu cikin dare, ya shigo ta yi wuf ta tura littafi ƙarƙashin filo, me kike so Shaiɗan ya raya masa? Ke kunya ce ta sa, shi kuwa ba kunya zai fassara ta ba. Gidaje sun mutu a kan zargin da bai kai wannan ba.

Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ki ɗauko littafin da kanki ki miƙa masa. Ki ce, "Abban yara, ga abin da nake rubutawa, tun ina gidanmu nake yi, kunya ce ta hana ni nuna maka." Ki fara nuna masa ta yabon Manzo ko wadda kika yi wa yara. In akwai wadda kika yi masa, to ranar ce ranarta. Ki kuma gaya masa lokacin da kika ware wa abin, domin ya san ba nasa za a taɓa ba.

Mataki uku ne, kuma kowanne da girman shawarar da yake nema. Na farko, rubutu don kanki da 'ya'yanki. Na biyu, bayar da waƙa ga makarantar Islamiyya ko taron mata, kamar walimar sauka ko wa'azin biki. Na uku, fitar da ita duniya ta rediyo ko waya ko kasuwa. Da wuya namiji mai hankali ya hana na farko in an bi da shi ta lalama. Na biyu yana son saninsa. Na uku kuwa sai da yardarsa ƙarara, domin sunansa da na 'ya'yansa da na danginku duka suna ciki. In ya ce a'a ga na uku, kada ki mai da shi yaƙi. Riƙe na farko da na biyu, ki bar wa lokaci sauran. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ita kuwa Hajiya, ranar da jikarta ta tsaya a walima ta rera waƙar ladubban cin abinci ko ta farillan alwala, aka ce ai uwarta ce ta rubuta, ina kyautata zaton maganar maroƙa za ta mutu da kanta.

ABIN DA BA YA SHIGA WAƘA

Alƙalami yana da daɗin ramuwa. Ran mace ya ɓaci, ga baiwa a hannu, nan da nan habaici zai zubo, kuma sau da yawa ya fi sauran baitocin daɗi. A nan ne ake gane mai tsoron Allah. Kishiya, uwar miji, dangin miji, maƙwabciya, babu wadda ya halatta ki saka a waƙar zambo, ko da ba ki kama suna ba, in dai za a gane. Giba ce, kuma ta fi ta baki muni, domin ta baki tana wucewa, ta waƙa kuwa haddace ta ake yi. Haka sirrin shimfiɗa da sirrin aljihun maigida.

A da, littafi yana iya shekara 20 a akwati ba wanda ya gani. Yanzu murya ɗaya da kika tura wa aminiyarki ta WhatsApp, kafin magariba tana iya kaiwa Legas da Jidda, gobe ki ji wata ta ɗora ta a TikTok da hotonta. Abin da ba za ki so mahaifinki ko surukinki ya ji da muryarki ba, kada ki ɗauke shi a waya, balle ki tura. In baƙin ciki ya matsa sai kin rubuta, rubuta a takarda, ki karanta, ki yaga, ki yi alwala.

SITUDIYO DA MAGANAR KUƊI

Mu mutanen Gyadi-Gyadi da Tarauni maƙwabtan Zoo Road ne, inda masu finafinai da ɗakunan ɗaukar waƙa suka yi sansani shekara da shekaru. Saboda haka duk wadda aka san tana da baiwa, ba za a daɗe ba wani zai ce ta kawo a buga mata, ko ta sayar wa wani mawaƙi. Ga abin da zan ce.

Kada kuɗin cefane ko na makarantar yara ko zubin adashin da aka yi wa wata niyya su tafi situdiyo. Sha'awa ba ta cin kuɗin wajibi. Kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki je ba da sanin maigida ba. Ba dole ne ma ki je ba: ana iya ba ɗalibai ko wani ɗan'uwa su rera, sunanki yana matsayin marubuciya. In za ki sayar ko ki bayar, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: nawa ne, sayarwa ce baki ɗaya ko izinin rerawa ne, za a ambaci sunanki ko kin yafe, kuma an yarda a canza miki kalmomi ko a'a. Addininmu ne ya fara koya mana rubuta ma'amala. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba marubuci haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi, amma in rigima ta taso sai da hujja. Littafinki mai kwanan wata shi ne shaidarki ta farko, wani dalilin ke nan na kada a ƙona. A kuma sani cewa a Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma waƙar da za ta shiga kasuwa tana ƙarƙashin kulawarta.

Sai waƙar siyasa. Duk sanda kakar zaɓe ta ƙarato, ita ce mai kuɗi a fili. Amma ita ce kuma ta fi jefa mai ita cikin yabon wanda bai cancanta ba da zagin wanda bai ci zagi ba. Zaɓe zai wuce, 'yan siyasa su shirya a tsakaninsu, ke kuwa muryarki na nan, kuma za a tambaye ki a kanta.

LOKACIN AJIYE ALƘALAMI

Akwai lokutan da ko rabin awar ma babu: jego, jinyar yaro ko ta iyaye, makon jarrabawar yara, hidimar biki, goman ƙarshe na Ramadan. A irin wannan lokaci a tsaya a kamu kawai, ko a ajiye gaba ɗaya, ba tare da jin an yi asara ba. Gona ma ana barin ta ta huta. Baiwa ba ta ruɓewa, kuma abin da kika gani a daren jinya shi ne zai ba waƙarki ta gaba nauyin da 'yan mata ba su da shi.

Ga kuma alamomin da ke nuna abin ya wuce gona da iri: kina cikin salla kina neman amsa-amo, kwana uku ba ki buɗe Alƙur'ani ba amma kullum kina buɗe littafin waƙa, yaro ya zo da magana kin daka masa tsawa don ya katse miki baiti, ko kin fara duba waya kowane minti don ganin wa ya yaba. Wadda ta ga ɗaya daga cikin waɗannan ta ba alƙalami hutun mako guda, ta gyara, sannan ta dawo.

GA IYAYE DA MAZAJE

Na san akwai mazan da ke karɓar mujallar nan daga hannun matansu su karanta. Malam, in Allah ya ba ka mace mai wannan baiwa, littafin rubutu da biro ba su kai kuɗin katin waya ba. Ka saya mata, ka riƙe mata yaro na rabin awa ranar da kake gida, ka saurari abin da ta rubuta. Macen da aka saurara a gida ba ta neman mai saurare a waje.

Uwa kuma, in kin ga 'yarki tana haɗa baitoci, kada ki kashe mata gwiwa da cewa za ta zama maroƙiya. Ki duba me take rubutawa, ki haɗa ta da malamarta ta Islamiyya, a ba ta aikin waƙe darasi: sunayen Annabawa, watannin Musulunci, haƙƙin maƙwabci. Makarantunmu suna matuƙar bukatar irin waɗannan waƙoƙi da Hausa mai kyau, domin abin da yaro ya rera ba ya mantawa. In ba mu ba su namu ba, na titi za su haddace.

A nan zan dakata.  A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda uwa za ta taimaka wa ɗanta da muraja'ar hadda a gida ba tare da bulala ba. Allah ya sa albarka a lokacinmu da zuriyarmu, ya sa abin da muke rubutawa ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba, amin.

 Taku har kullum, Malamarku ta Tarauni.